Filgona, Wadda Aka Biya Wa Akwatin Gawa Tana Raye

Duk mai sayar da kifi a bakin tafki ya san lokacin wucewar Filgona Awiti. Jiragen da suka kwana a ruwa suna dawowa, mata suna baza ƙananan kifin omena a kan raga don su sha rana, sai ga ta nan tafe da takalmin roba, laima a hammata, da wata tsohuwar jaka da hannunta ya sha ɗinki. A cikin jakar akwai sabulu da safar hannu da dafaffen dankali a leda, domin ba ta cin abincin gidan da ta je aiki. Ko shayi ba ta sha. A wurinmu kuwa ƙin shan shayin mutum ba ƙaramin laifi ba ne, sai da aka daɗe kafin mutane su daina jin haushinta. Takan tsaya a tasha ta gaisa da 'yan acaɓa, ta hau bayan wanda ya fi tsufa a cikinsu, su nufi ƙauyen da ranar ta faɗa a kansa. Sai yamma lis take dawowa, ƙafa duk jar ƙasa.

Ƙarshen wannan watan za ta yi ritaya. Babu ginin da za a sa wa sunanta, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana iya ji da kunnenta.

Filgona ungozoma ce tun asali. Ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a asibitin gwamnati kafin asusun inshorar lafiya ya ɗauke ta aiki. Kowa ya san yadda asusun yake: talaka ya biya ɗan abin da ya samu, a ba shi kati, ranar da ciwo ya zo asibiti ya yi masa magani, sannan asibitin ya nemi kuɗinsa a wurin asusun. To, tsakanin abin da asibiti ya yi da abin da ya ce ya yi, akwai rami mai zurfi. Aikin Filgona shi ne ta taka da ƙafarta har gidan mara lafiyan, ta gan shi ido da ido, ta tambaye shi: da gaske an yi maka abin da aka ce an yi maka?

Mutanen bayan dutse har yau suna ba da labarin ranar da ta je neman dattijo Barnaba. Ta tarar da matarsa tana ɓare masara a ƙofar ɗaki.

"Sannu da aiki, Mama. Mai gidan nake nema."

"Wane mai gidan, 'yata?"

"Dattijo Barnaba. An ce kowane mako ana kai shi birni wankin ƙoda."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dube ta, sannan ta nuna wani kabari da leɓe, can kusa da ayaba. "Ga shi can kwance. Bara da damina muka sa shi, har bijimi aka yanka. In kuwa tashi yake yi yana zuwa birni a ɓoye, to idan kin gan shi ki ce masa ya biyo ta gida, rufin ɗakin nan yoyo yake yi."

Suka yi dariya har da hawaye. Ashe wasu masu farar riga ne suka taɓa kafa tanti a ƙauyen, suka gwada wa mutane jini kyauta, suka kwashe lambobin katinsu. Amma a hanyar dawowa dariyar Filgona ta ƙare, domin a makon nan ta ga wani masunci da ƙafafunsa suka kumbura kamar turmi, an koro shi daga birni an ce katinsa ya riga ya cinye rabonsa na shekara. Shi kuwa ko ƙofar wurin wankin bai taɓa gani ba. Sai da ta yi ta sintiri kafin a mayar masa da haƙƙinsa. Yana nan da ransa, yana gyaran koma a bakin ruwa, ku tambaye shi.

Abin da ya fi fito da sunanta shi ne duba tabo. Asusun yana biyan kuɗi mai kauri idan aka yi wa mace aiki aka ciro jariri, fiye da haihuwar da mace ta yi da kanta. Sai wasu asibitocin kuɗi suka gano hanya: mace ta haihu lafiya ta koma gida, su kuma su ce tiyata suka yi. Filgona sai ta bi matar gida, ta ja ta ɗaki, ta wanke hannu, ta ce, "Yi haƙuri ƙanwata, ɗaga rigar in gani." Ciki sumul, babu ko ƙwarzane. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da haka mata suka sa mata suna Mai Duba Tabo.

Cikin waɗanda ta kama akwai Dakta Hesbon, mai asibitin nan da ake kira Farin Gida, a kan hanyar tasha. Dakta Hesbon ba ƙaramin mutum ba ne a garin nan. Rabin jiragen kamun kifin da ke bakin ruwa nasa ne. Shi ya sa wa cocinmu sabon rufi, kuma ba a yin jana'izar da ba a ga tantinsa da kujerunsa ba. Da aka tsare shi da maganar bai yi musu ba. Ya ce kuskuren akawunsa ne, ya mayar da abin da aka ce ya mayar, ya rako Filgona har bakin ƙofa yana murmushi.

"Sista, kin koya mini darasi," in ji shi. "Daga yau duk wadda kika buɗe, za ki ga abin da kike nema."

Ta ɗauka tuba ne. Har addu'a ta yi masa.

Shekara ta juyo. Duk matar da Farin Gida ya ce ya yi wa aiki, Filgona ta je ta duba, ta tarar da tabo, ɗinki tsaf. Da farko hankalinta ya kwanta. Daga baya wani abu ya fara sosa mata rai. Ita da ta karɓi haihuwa har ta daina ƙirgawa ta san cewa mafi yawan mata da kansu suke haihuwa, kaɗan ne ke buƙatar wuƙa. Amma a Farin Gida kamar babu macen da ta iya naƙuda kuma. Ruwa ba ya tsami banza.

Ranar da ta tabbatar, a gidan Nereya Adoyo ne, wata mai sayar da soyayyen kifi a kasuwa, mace ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙugu da bakin tsiya. Ta same ta kwance a tabarma, jariri a gefe, ɗakin yana wani wari da duk ungozoma ta sani. Ɗinkin ya buɗe ta gefe yana ruwa.

"Maman Atieno, me ya kai ki ga wuƙa? Na san ki, huɗu kika haifa kamar wasa."

"Nima abin da nake tambayar kaina ke nan, Mama. Na biyun ma a hanyar kasuwa na sauke ta, da kwandona a kai. Wannan kuwa kan yaron ya riga ya sauko, na ji shi, ai ba yau na fara ba. Ina cewa sista ki riƙe ni zan yi nishi, sai Dakta ya shigo ya ɗora abin nan nasu na jin bugun zuciya a cikina, ya girgiza kai. Ya ce zuciyar yaro tana tsayawa, ko in sa hannu yanzu ko in ɗauki gawa. Ke da za ki ce me?"

"Ya bar ki kin ji bugun zuciyar da kunnenki?"

"Ina! Ko sistar ma kawar da kai ta yi. Yanzu ga ni nan, ko bokitin ruwa ba na iya ɗagawa. Kishiyoyina na kasuwa sun cinye mini wuri."

Filgona ta wanke ciwon, ta ɗaure, ta sa aka kai Nereya asibitin gwamnati. Sannan ta fito titi. Ta zauna a gindin wani mangwaro, zufa tana karyo mata, maganar nan ta bakin ƙofa tana dawo mata. Za ki ga abin da kike nema. Ashe ba tuba ya yi ba. Da ya ga tabo take nema, sai ya fara samar mata da tabon. A da kuɗi kawai yake sata, matan su tafi da cikinsu lafiya. Yanzu saboda ita, saboda idonta, yanka su yake yi.

Ta faɗa wa wata aminiyarta daga baya cewa a duk rayuwarta ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har da abin da ya biyo baya. Tsoron hannunta take ji.

Washegari ta shiga ofishin shugabanta, Mista Were, mutum mai sanyin hali da ke jiran ritayarsa shi ma. Yana jin sunan Farin Gida ya tashi ya rufe ƙofa da taga.

"Sista, tambaya ɗaya. Akwai tabo ko babu?"

"Akwai, yallaɓai."

"To aikinmu ya ƙare a nan. Mu ba likitoci ba ne da za mu ce wannan ta cancanci wuƙa, waccan ba ta cancanta ba."

"Mata ake yankawa kamar kaji, kuma mu muke biya."

"Rage murya, don Allah." Ya zauna, ya cire tabarau. "Kin tuna abokin aikinmu na ofishin birni, wanda ya fara tono maganar magunguna? An tsinci babur ɗinsa a kan gada. Shi kuwa har yau matarsa ba ta san ko takaba za ta yi ba. Ina da 'ya'ya a makaranta, Sista. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Ba ta ga laifinsa ba. Amma ta tsallake shi, ta kai magana ga hukumar da ke ba likitoci lasisi. Suka amsa cewa za su zauna a kai, sai dai zato ba hujja ba ne, ta kawo matan da bakinsu, ta kawo wanda ya gani a ɗakin tiyata. Kafin mako ya zagayo, maganar da ta yi a asirce ta riga ta isa Farin Gida. Har yau ba ta san ta wace ƙofa ta fita ba.

Ranar wata Asabar da rana tsaka tana shanya a tsakar gida, sai aka turo ƙyaure. Dattijo Opande ne, kafintan bayan kasuwa, wanda ya yi akwatin gawar mijinta shekarun baya. Ya shigo da hularsa a hannu kamar yadda ake shiga gidan makoki, tef ɗin awo a wuya, fensir a kunne. Yana ɗaga ido ya gan ta tsaye da zane a hannu, sai ya ja da baya har ya buge tulu.

"Yesu! 'Yar Asembo, ke ce?" Da sunan garin iyayenta ya kira ta, kamar yadda dattawa ke kiran matan aure.

"Ni ce mana, Baba. Lafiya?"

"An ce... an ce kin rasu da safe. Awo na zo yi."

"Wa ya ce?"

"Wani ne a mota mai baƙin gilashi, ban san shi ba. Bai ko fito ba. Ya biya ni na katako mafi kyau, da hannun tagulla. Ya ce in hanzarta, za a buƙace shi cikin makon nan." Tsohon ya fara kuka. "Ki yafe mini, 'yata. Na rantse da Allah ban sani ba. Har na riga na fara yanka katakon."

Masu ƙara wa labari gishiri suna cewa wai ta miƙe ta ce masa auna ni. Ba haka aka yi ba. Ta ɗebo masa ruwa ya sha, ta raka shi ƙofa, ta sa sakata, ta durƙusa a bayan ɗaki ta yi amai. Da yamma ɗanta Okinyi ya kira daga birni, labari ya riga ya kai masa.

"Mama, kin haife mu, kin binne Baba, me kuma kike nema? Asusun nan na ubanki ne? Ki tattaro ki taho gobe."

Ba ta tafi ba, amma ta daina fita. Ta aika ofis cewa ba ta da lafiya. Masu kifi suka daina ganin laimarta. Duk ƙarar babur da ta ji a layi sai ta tashi ta duba sakata. Ta daina sayen abinci a hannun wanda ba ta sani ba. Idan kaza ta taka kwano sai ta zabura. Ta ce wa kanta ta yi iya yinta, Allah ma ya gani. Wannan ma yana cikin labarinta, kuma ba abin kunya ba ne.

Kukan mutuwa ne ya fito da ita. Wata yarinya mai suna Akumu, matar wani matashin masunci, cikin fari, ta shiga Farin Gida da ƙafarta tana wasa da dariya, aka yi mata aiki, jini ya ɓalle, aka rasa jinin ƙari. Jaririn ya rayu. Filgona ta san yarinyar tun tana goye, ita ta yanke mata cibiya.

A wurin jana'izar, a ƙarƙashin tantin Dakta Hesbon, a kan kujerun Dakta Hesbon, wata mata ta zo ta tsaya kusa da ita a layin wanke hannu. Sista Keziya ce, wadda suka yi makarantar ungozoma tare, yanzu ita ce babbar sista a ɗakin tiyata na Farin Gida. Ba ta dube ta ba, ruwan butar take kallo.

"Ba ta buƙatar wuƙa, Filgona. Da an ba ta ɗan lokaci da ta haihu. Ni na miƙa masa wuƙar."

"Za ki faɗi haka a gaban hukuma?"

"So kike a aiko Opande gidana nima?" Ta yarfe hannu ta wuce.

Ranar Lahadi Filgona ta sa fararen kayanta na ƙungiyar mata ta tafi coci. Da aka zo lokacin sanarwa ta ɗaga hannu, fasto ya ba ta dama, yana zaton maganar gudummawar marayu ce. Dakta Hesbon yana zaune a layin gaba da iyalinsa. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji gwiwoyinta suna bugun bencin gabanta.

"'Yan'uwa, ba doguwar magana ba ce. An biya mini akwatin gawa, yana shagon Baba Opande, duk mai so ya je ya gani. Lafiyata lau. Ba ni da hawan jini, ba ni da ciwon suga, ba na shiga jirgin ruwa. Idan kun ji na mutu, kada kowa ya ce muku zazzaɓi ne. Gobe zan koma aiki."

Ba ta ambaci sunan kowa ba. Cocin ya yi tsit, har ana jin kukan tsuntsaye a rufi. Dakta bai waiwayo ba, ya dai ci gaba da buɗa littafin waƙoƙinsa a hankali. Mai kiɗa ne ya ceci fasto, ya tayar da waƙa.

Ta koma bin gidaje, wannan karon ba tabo take nema ba, baki take nema. Nan ta sha wuya. Mazan yawancin matan a jiragen Dakta suke aiki. Wasu suna hango laimarta suke rufe ƙofa. Wata ta ce mata, "Mama, ciki dai an riga an yanka. In na yi magana zai koma ne? Tukunyata kawai za ta mutu." Wata kuma tsoronta kada a soke mata kati. Wani magidanci ya biyo ta da adda har bakin hanya, ba don ya sare ta ba, don maƙwabta su gani su kai labari cewa ba ya tare da ita. A cikin kwanakin ne wani babur ya kwashe ta a kwanar kasuwa, ya karya mata wuyan hannu, bai tsaya ba. Ko tsautsayi ne ko aike, Allah kaɗai ya sani. Ta ci gaba da yawo da hannu a rataye.

Ranar zaman hukumar, a babban ɗakin taro na gunduma, likitoci manya suka zo daga birni. Dakta Hesbon ya zo da lauyansa da turarensa. Filgona ta zauna ita kaɗai a dogon benci. Hantsi ya yi, babu kowa. Shugaban zaman ya fara duba agogo. Lauyan ya miƙe cikin ladabi ya ce kowa ya gani, wannan ƙiyayya ce ta tsohuwar ungozoma da ke jin ta fi likita sani. Filgona ta sunkuyar da kai. A ranta ta riga ta gama: za a sallami magana, kowa ya watse, ita kuma ta taka zuwa gida ita kaɗai.

Sai aka ji hayaniya a ƙofa, mai gadi yana cewa ba a shiga da kwando.

"Kai, matsa mini! Da aka shiga cikina an nemi izininka ne?"

Nereya ce, tana tafe a duƙe, jariri a baya, ɓawon kifi a hannu. A bayanta wasu mata ne 'yan kaɗan, ba su cika bencin ba ma, kowace tana kallon ƙasa. Na ƙarshensu mijin Akumu ne, da jaririn da aka bar masa a kafaɗa. Nereya ba ta jira an ba ta dama ba. Ta tsaya a gaban teburin ta faɗi abin da ya faru da ita tiryan-tiryan, sannan ta juya ta dubi Dakta.

"Yau da safe aka sauke mijina daga jirginka. Na gode. Yanzu ba ni da sauran abin da zan ji tsoro a kai."

Lauyan ya ce mai sayar da kifi ba ta san bugun zuciyar jariri ba, kuma gaskiyarsa ne. Maganar matan kaɗai da ba ta isa ba. Ana cikin haka Sista Keziya ta shigo da fararen kayan aikinta, daga Farin Gida kai tsaye. Fuskarta kamar an yayyafa mata toka. Aka ba ta ruwa ta sha. Sannan ta faɗi yadda ake yi: yadda ake kashe sautin na'urar kada uwa ta ji zuciyar ɗanta tana bugawa lafiya, yadda ake tsorata mace a tsakiyar naƙuda, lokacin da ko takardar sayar da gidansu aka miƙa mata za ta sa hannu. Ta faɗi na Akumu. Da ta gama sai ta zo ta zauna kusa da Filgona, ta kama hannunta mai lafiyar ta riƙe gam.

An rufe ɗakin tiyatar Farin Gida. An karɓe lasisin Dakta Hesbon, asusun ya yanke hulɗa da asibitin. Daga nan aka sauya doka a yankinmu: ba tabo kaɗai ake dubawa ba, duk asibitin da tiyatarsa ta yi yawa sai likitocin waje sun zo sun bincika dalili. Amma kada a ce an ci riba ba asara. Keziya ta bar garin cikin makon, tana can wajen 'yarta, ba ta sake samun aiki ba. Mijin Nereya sai tsallaken tafki ya samu jirgi. Ita Filgona an ajiye ta a ɗakin ajiya na ofis kusan shekara, wai don lafiyarta, kafin a bar ta ta koma ƙauyuka. Shari'ar mutuwar Akumu tana kotu, ana ta ɗagawa. Dakta yana gidansa, jiragensa suna ruwa.

Filgona, 'yar Asembo, ke ce wadda tsoro ya kayar har ƙasa, kika dafa kika tashi da shi a jikinki. Ba mu yaba miki don ba ki ji tsoro ba, mun gan ki kina rawa a coci. Ke ce kika gano cewa aikinki na gaskiya ya zama wuƙa a hannun wani, ba ki ɓoye ba, ba ki ce ba ruwanki ba. Akwai mata a garin nan da suka haihu lafiya suka koma kasuwa da kwandonsu, ba su san sunanki ba, ba su san abin da ya tsallake su ba. A madadinsu, da madadin masuncin nan mai kumburin ƙafa, da jaririn Akumu da ya fara tafiya, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki barci mai nauyi, domin kin daɗe ba ki yi shi ba.

Mu kuma da muka rage, ba sai an ba mu laima da jaka ba. Kada ka ba kowa lambar katinka don an gwada maka jini kyauta. Idan an sallame ka daga asibiti, tambayi abin da aka ce an yi maka. Idan 'yarka tana naƙuda aka ce sai wuƙa, ka yarda in gaskiya ne, wuƙa tana ceton rai, amma ka ce a bar uwar ta ji zuciyar ɗanta, a faɗa muku dalili. Ke sista da ke tsaye a ɗakin tiyata kina kawar da kai, kin san kanki. Ku matasan da za ku gaji kujerarta, mai ƙwanƙwasa ƙofa da kyauta zai zo, mai ƙwanƙwasawa da barazana ma zai zo, sau da yawa mutum ɗaya ne.

Okinyi ya gyara mata ɗaki a birni, ya ce ranar da ta ajiye aiki zai turo mota. Ta ce masa ya bar kuɗin mansa. Kabarin mijinta yana nan, gonar dankalinta tana nan. Daga gidanta zuwa kasuwa kuwa hanya ɗaya ce tak, ta gaban ƙofar Dakta Hesbon ta bi. Da aka tambaye ta yadda za ta yi, sai ta shafa wuyan hannunta da ya karye.

"Har gobe gabana faɗuwa yake yi in na zo wurin," in ji ta. "Amma ai sai na sayo gishiri."